Tsohon Ido, Sabuwar Kyamara da Hoton Inna

Lawali,

Ina yatsanka yake sa'ad da ka ɗauki Inna hoto ran Jumu'a? Tambayarka nake yi. Ajiye takardar nan, ka dubi hannunka, ka tuna. Kan kunnen kyamara yake, ko kuwa yana can yana gyara maka hula?

Na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba, Allah ya yafe mani. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka Bawa da mutanen gidansa duka can Mafara. Ya gajiyar hanya, ya kasuwa, ya zafin nan? Uwarka na gaishe ka, ƙannenka na gaishe ka. Kakarka Inna ta ce a gaida mai hotonta. Allah ya tsare ka a hanyar Kaduna, ya raba ka da direba mai barci da aboki mai zaƙin baki, ya saukar da kai hannun mutanen kirki. Amin.

Rubutu na zaɓa don na san bakina. Da gabana kake, da tuni na faɗi abin da zai toshe maka kunne, ka tafi da zagina babu karatu ko ɗaya. Alƙalami ya fi harshena sanyi. Shi ma ba wani malami ya koya mani ba, jikin kwalin fim da tsoffin jaridun naɗe tsire na tsinci bokona, in ka ga kuskure ka haɗiye.

Jiya da hantsi na shiga ɗakin wanki da fim ɗin da ka bar mani, wanda ka ce in wanke in aika maka ta hannun kawunka. Na wanke, na ɗauraye, na fito tsakar gida na ɗaga wa rana. Lawali, garau. Kamar ruwan randa. Ina ganin reshen dogon yaro ta cikinsa, ina ganin shirwa na shawagi ta cikinsa, Inna ce kaɗai ban gani ba. Sai wani ɗan dishi-dishi daidai inda farin ɗankwalinta yake. Na zauna kan turmi, abin da Inna ta hana mu tun muna yara. Uwarka ta fito daga madafa tana tambaya ko wani ya rasu. Na taɓa riƙe irin wannan fim a hannuna, na kuma rantse ba za a ƙara ganin irinsa a gidana ba. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har wurin faɗawa rami.

Ka san garinmu na ƙarƙashin ruwa. Ka san babu hoton kakanka Malam ko ɗaya a duniya. Dalili ne ba ka sani ba, don duk wanda ya buɗe baki zai ba ka labarin sai in harare shi. To yau ni zan ba ka.

Lokacin da anka ce Tungar Giginya za ta tashi, ruwan dam zai hau har bisa masallaci, ina aiki wurin Baba Lasisi, Bayaraben nan mai ɗakin hoto bayan tashar Mafara. Kyamarata ta ƙarfe ce zalla, babu batir, babu allurar auna haske, sai idanun gilashi biyu da nake ɗaura mata, su ne ke cikin jakarka yanzu. Da idona nake auna haske. In dubi inuwar mutum: in ta fito da kaifi, in juya zoben ƙofar da haske ke shiga zuwa sha shida, in ta yi laushi, takwas, in babu ita, in ƙara buɗewa. Ban taɓa ɓata wa kowa hoto ba, kaina kuwa ya kumbura.

Ana nan sai kukun wani Bature na wurin aikin dam ya shigo shago da wata baƙar kyamara naɗe cikin tawul. Maigidansa zai koma ƙasarsu, ya cire idon ya tafi da shi, ya bar masa gangar jikin.

"Wagga ita ka tunani da kanta," in ji kukun. "Batir gare ta. Leƙa ka ga allura. Ita ka ganin rana, ita ka zaɓen gudun ƙiftawa. Kai dai danna, kamar mai kashe sauro."

Na ba da tsohuwar kyamarata da ɗan abin da na tara, na karɓa. Na ɗaura mata tsohon idona, ya zauna daram. Baba Lasisi na gefe yana kallona ta saman tabarau.

"Garuba," ya ce, "ido ya shiga, amma ba su san juna ba tukuna. Saka fim ɗaya, je ka ɗauki akuya, mu wanke mu gani."

Na ce, "Baba, ni da zan ɗauki gari guda, akuya zan tsaya ɗauka? Kai dai tsoron abin zamani kake yi."

"To," ya ce. "Akuya dai ba ta zuwa ko'ina. Garinku ne zai tafi."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har na faɗa wa yaran tasha tsoho na kishi. Ga kuskurena na farko ke nan, ka riƙe: ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ido da jikin da ba su taɓa aiki tare a hannunka ba, ka gwada su kan akuya, kan katanga, kan takalminka, ka wanke ka gani da idonka kafin ka tsayar da ɗan Adam gabansu. Wanda ya ce maka ɓarnar fim ce, ce masa ubanka ya taɓa yin tsimi.

Na tafi gida ana saura kwanaki a fara tashi. Mai gari ya sa anka yi shela, kowane gida su fito da kayan Sallah. Ka ga gari ranar nan, Lawali. Kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Mata sun share ƙofar gida kamar ba gobe za a bar ta ba. Kowane maigida ya tsaya bakin zaurensa da 'ya'ya da jikoki, wani har da sansa na noma. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta son nata, rumbunta za a ɗauka, mijinta ya gina shi. Maza sunka tafi maƙabarta sunka yi sahu, liman ya yi addu'ar ban kwana da waɗanda ba za a iya ɗauka ba, ni ina baya ina dannawa. Na ɗauki rijiya. Na ɗauki masallaci ta gabas da ta yamma. Na ɗauki marina, na ɗauki fadama, na ɗauki hanyar da ke gangarawa gulbi.

Malam kuwa ya ƙi. Kakanka bai yarda da hoto ba, yana cewa wanda Allah ya sani mi zai yi da takarda ta san shi. Inna ce ta yi ta bin sa da magana har la'asar ta yi sanyi. Sai ya tashi, ya sa farar rigarsa, ya taka zuwa gindin tsamiyar da ubansa ya dasa bakin rijiya, ya dafa ta da hannu ɗaya.

"Sau ɗaya," ya ce. "Don tsamiya, ba don ni ba. Yi maza, Garba, kar magariba ta same ni ina tsaye kamar gunki."

Na juya zobe zuwa sha ɗaya, don shi da tsamiya da rijiya su fito tas. Na leƙa. Allura ta haye sama tana nuna dubu. A nan zuciyata ta yi magana. Ta ce, Garba, da la'asar sakaliya, ƙarƙashin itace, ƙofa a sha ɗaya, yaushe ƙiftawa ta taɓa kai dubu? Da tsohuwar kyamararka talatin za ka ba ta. Na ce mata ke kin fi Bature sani? Na danna. Malam ya sauke hannu, ya tafi alwala.

Wannan shi ne na biyu, kuma ya fi na farko ciwo. Ban rasa sani ba, sanin na taka. In allura ta faɗi abin da idonka ya ce ƙarya ne, tsaya. Ɗayanku ya ɓata, kuma ba ka da ikon dannawa sai ka gano ko wane ne.

Na uku: ban wanke ba. Na zuba finafinan cikin gwangwani na koma Mafara, don lokacin leburorin dam sun cika shago kowa na son hoton fasfo, ni kuwa na ce aikin garinmu sai na natsu. Damina ta sauka. Mutanenmu sunka kware jinka, sunka cire azara da ƙyamare, motoci sunka kwaso su zuwa nan sabon gari. Sai bayan haka na samu natsuwar tawa. Na wanke na farko, garau. Na ce maganin wanki ne ya tsufa. Na haɗa sabo, na wanke na biyu, garau. Har na ƙarshe. Sararin sama ne kaɗai ya ɗan kama, da inuwar fararen riguna babu kawuna.

Baba Lasisi bai ce mani ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa da na samu abin yi wa faɗa. Cire idon ya yi, ya juya mani bayansa, ya ɗauko wani sabo daga akwati ya jera su. Sabon na da wani ɗan haƙori a baya. Nawa giɓi gare shi. Wannan haƙorin shi ke tura ɗan ƙarfe a jikin kyamara, ya sanar da ita lambar da ka zaɓa a zobe. In babu shi, ba ta da labari. Kuma ka lura, ko ka juya zobe zuwa sha ɗaya, ƙofar idon na nan wangale sa'ad da kake leƙe, don ka samu hasken saita fuska. Sai ka danna take tsukewa. To ita kyamara wancan hasken mai yawa ta auna, ta zaɓi ƙiftawa mai sauri daidai da shi. Ina dannawa, ƙofa ta tsuke kamar kafar allura, ƙiftawa ta wuce kamar walƙiya. Ƙofa ƙarama, lokaci kaɗan. Ta ina haske zai shiga? Gari guda ya tsaya mani cikin kayan Sallah, fim bai ga kowa ba.

Sannan ya nuna mani kunnen. Ɗan ƙarfen nan da ke gefen ido, inda yatsa ke kaiwa ba tare da ka nema ba. In ka danna shi, ƙofa ta tsuke tun kana leƙe, ciki ya yi duhu, allura ta sauko ta faɗi gaskiya. Ɗan kunnen nan, Lawali. Bai kai farcen ɗan yatsa ba. Tun ranar da na sayi kyamarar yake gogar hannuna.

Ban tsaya jin sauran ba. Na ari keke na bi hanyar Maradun kamar mahaukaci. Inda hanya ta saba gangarawa fadama, nan ta ƙare. Ruwa shimfiɗe, ja, ga kara da tsummoki na yawo bisa. Babu rijiya. Katangun da anka kware sun jiƙe sun zauna. Tsamiya ce tsaye, ruwa ya kai mata ƙugu. Ina riƙe da kyamara, yanzu na san yadda ake ɗauka, babu abin ɗauka.

Kuma mutane na jira. Duk inda na bi a sabon gari, "Garba, ina namu?" "Mai hoto, yaushe za mu ga gida?" Na ce ana wanki. Na ce takarda ta yanke a Gusau. Har Malam ya kira ni zaure.

"An ce kana ta yawo da mutane. Akwai ko babu?"

Na ce babu.

"To ba ni za ka gaya mawa ba. Ni don tsamiya na tsaya. Waɗanda sunka sa kayan Sallah su ka jiran amsa. Ran Jumu'a, in an sallame, ka tashi ka faɗa da bakinka."

Na tashi. Sabon masallaci ko daɓe ba a yi ba, mutane na zaune kan buzu cikin rana. Na zaro fim na ɗaga sama, kowa ya ga gajimare ta cikinsa. Na faɗi abin da na yi, ban laƙa wa kuku ba, ban laƙa wa Bature ba. Da sun zage ni da na ji sauƙi. Wani dattijo ya karɓi fim ɗin, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya juya shi, yana neman zaurensa. Kawunka Bawa ne ya fara buɗe baki, ya zo sayen shanun da mutane sunka rasa inda za su kiwata. Ka san ƙanen uwarka, tsakanina da shi ba a rufi.

"Kai Garba," ya ce, "ashe kai ka riga dam nutsar da garin. Su Turawa sai da sunka yi shekaru suna zuba kankare, kai da yatsa guda ka gama."

Wasu sunka yi dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki. Tsohuwar nan mai rumbu ta aiko a tambaye ni ko rumbun dai ya fita, tunda shi ba ya motsi.

Malam bai ga damina biyu a sabon gari ba. Ƙannenka na tambayata kamanninsa, sai in ce su dubi goshin baffanku, su ɗauki hancina, su rage tsawo. Haka nake harhaɗa ubana kamar mai ɗinkin ƙwarya.

Kada ka zaci daga nan na gama wauta. Da na koyi danna kunne sai na ɗauka allura ta zama liman. Anka kira ni ɗaurin aure a Dakko, ango da abokansa cikin farar shadda, bayansu farar katanga, rana tsaka. Na danna kunne, na bi allura sau da ƙafa. Riguna sunka fito toka-toka, fuskoki kamar gindin tukunya, haƙora kaɗai ke nuna akwai mutane. Uwar ango ta ce ita ba ta haifi wannan ba. Allura ba ta san fuska ba, ba ta san riga ba. Duk abin da ka nuna mata so take ta mayar da shi launin toka. Ta ga fari da yawa, ko sama, ko ruwan dam na ƙyalli, sai ta tsorata ta rage haske, mutanenmu kuwa baƙaƙe ne, su ke biyan kuɗin tsoronta. Maganin na hannunka. Ka je inda mutum yake, ka miƙa tafin hannunka cikin hasken da ke dukan fuskarsa, ka cika leƙenka da shi, ka danna kunne, ka karanta. Tafi ya fi fuska haske, saboda haka ka ƙara buɗe ƙofa lamba ɗaya. Sannan ka koma ka ɗauka, ko allura na tsalle kada ka kula ta. Ka manne idonka sosai wurin leƙe, don in ciki ya yi duhu, ɗan hasken da ya saɗaɗo ta bayanka ma ruɗa ta yake yi. Batir kuma ka canza shi kafin ya mutu, don kafin ya mutu sai ya yi ƙarya.

Saura kuskuren da ya fi kusa, shi ne ya hana ni cin tuwo jiya. Na nuna maka kunnen nan sau ɗaya. Na tuna ranar. Ka ɗaga kyamara, ban ga yatsanka ya tafi wurin ba, na buge maka hannu na ce kai wane irin jaki ne. Ka sunkuyar da kai. Ban ce maka don mi ba. Ban ba ka labarin tsamiya ba, don kunya ta fi ƙarfina, gara in yi tsawa. To ka koyi tsoron hannuna, ba ka koyi kunne ba. Ranar da ba na tsaye kanka, yatsa ya manta. Rabin laifin fim ɗin nan nawa ne, na ɗauka. In Allah ya ba ka yaran shago a Kaduna, ka faɗa masu dalili kafin ka ɗaga murya.

Amma ɗaya rabin naka ne.

Ka san abin da Inna ta yi kafin ta zauna maka? Ta sa uwarka ta buɗe adudu ta ciro saƙin da ta fito da shi daga Tungar Giginya, wanda ta ce da shi za a rufe makararta. Ta sa kwalli da hannunta. Matar da tun ranar masallaci ba ta bari na nuna mata kyamara ba, ko da wasa. Ni ta ƙi, kai ta yarda. Yanzu duk wadda ta shigo dubiya sai ta ce mata, "Lawali ya ɗauke ni. Shi hannunsa ba irin na ubansa ba ne. Kaduna za shi ya ƙara masa girma ya sa a gilashi." Jiya sau biyu tana aiko ƙanwarka ta ga ko ya bushe. Ka ga yadda ta koma. Koko ma sai an tallabe ta. Kai kuma ka ce sai babbar Sallah za ka leƙo gida. Ni ban san gaibu ba, amma na taɓa cewa sai na natsu.

Kawunka ya ce motarku sai ran Talata in kasuwa ta watse. Daga Mafara zuwa nan ba Makka ba ce. Ka taho da kyamara da ido mai gajeren wuya. Za mu fito da Inna da hantsi, mu zaunar da ita inuwar dogon yaro, nesa da farar katangar nan. Zobe a biyar da ɗigo shida. Tafin hannu, kunne, allura. Ka cire kyamara daga zaɓen kanta, ka sa gudun da hannunka. In allura ta faɗo ƙasa da sittin, ƙara buɗe ƙofa ka sake danna kunne, don kanta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka ɗauka yadda ka auna, ka ɗauka da ƙarin lamba ɗaya, ka ɗauka da ragin ɗaya. Ba za ka fita gidan nan ba sai mun wanke ya bushe. Zan tsaya bayanka, hannuwana cikin aljihu, na yi maka alkawari.

Allah ya kawo ka lafiya, ya mayar da kai lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a idonka da yatsanka, ya sa ka fi ni. Allah ya ba Inna sauƙi, ya jiƙan Malam da waɗanda ke kwance ƙarƙashin ruwa.

Ban gaya wa Inna ba, kuma ba zan gaya mata ba. Na rataye fim ɗinka a ƙusar zaure. Kafin ka buɗe jaka, kai za ka sauko da shi, ka shiga da shi tsakar gida, gaban Inna da uwarka da duk matan da ta yi wa alfahari da kai, ka taho da kawunka Bawa ma ya samu abin faɗi. Ka ɗaga shi wa rana. In ta ce, "Lawali, ina nake?" ka amsa mata da bakinka, kowa na ji.

Mahaifinka,
Garba mai hoto